Mista Ozell Mai Rigunan Matattu

Duk gidan da aka yi rashin matashi a unguwarmu ta kudancin Chicago, kafin a je wurin masu akwatin gawa, shagon Mista Ozell Tarver ake fara zuwa. Ɗan ƙaramin shago ne a gindin gadar jirgin ƙasa. Da can na mai gyaran takalma ne, har yanzu in an yi zafi yana tashin warin fata. Ba komai a ciki sai kwamfuta, da injin da ke manna hoto a jikin riga, da kwalayen fararen riguna, da kujeru biyu na masu jira. Kujerun nan biyu sun sha hawaye fiye da bencin cocinmu.

In an kashe yaro, danginsa sukan kawo hotonsa a buga a riguna: fuskarsa a tsakiya, gajimare a bayansa, fukafukai dama da hagu, ranar haihuwa da ranar rasuwa a ƙasa. Ranar jana'iza kowa ya saka tasa, daga kaka har ɗan goye. Wanda ya shigo coci ba riga sai an bi shi da ido, ana tambayar juna ko na waye.

Ba don wannan ya buɗe shagon ba. Mista Ozell mutumin ƙarfe ne. Shekara goma sha tara ya yi a masana'antar narka ƙarfe ta bakin tafki, inda ubansa ya ƙarar da ƙarfinsa. Yakan ce a wancan zamani mutumin da ko jarida bai iya karantawa ba yana iya mallakar gida da mota, ya ci nama kullum. Da aka rufe masana'antar sai shaguna suka riƙa bin ta ɗaya bayan ɗaya kamar kaji a annoba: mahauci, mai kayan ɗaki, mai sayar da magani, har ɗakin haihuwa. Aka bar mu da kantin giya a kowace kwana, da coci a tsakaninsu. Shi da matarsa Earline suka rasa gidansu, suka koma dogayen benayen gwamnati, hawa na tara. Ya yi gadi, ya yi shara a makaranta, ya tuƙa motar kai furanni. 'Yarsu guda ce, ƙwaya ta cinye ta tana da shekara ashirin da shida, ta bar musu yaro, Darnel, wanda ubansa ke gidan yari tun kafin ya fara rarrafe. Earline, Allah ya jiƙanta, ta rene shi har ya kai goma sha huɗu, sannan ita ma ta tafi. Suka rage su biyu, tsoho da jikansa, ba wanda ya iya dafa shinkafa a cikinsu ba ta kama ba.

Injin rigunan ya saye shi ne don taron dangi na shekara-shekara, da fita shan iska ta coci, da ƙungiyoyin ƙwallon yara. Wata rana wata mata ta shigo da hoton ɗanta, ta tambaya ko zai iya sa masa fukafukai. Ya sa. Daga nan aikin ya sauya fuska ba tare da ya shawarce shi ba. In lokacin zafi ya kama, kusan duk abin da ke shiga injin nan fuskar mamaci ce.

Yana da dokarsa ta aiki, ita ta sa ya daɗe a gindin gadar nan ba a fasa masa gilashi ba. Samarinmu ba sa tsayawa a ɗauke su hoto sai sun lanƙwasa yatsu, kowane layi da alamarsa. Mista Ozell ba ya buga hannu. Daga ƙirji yake yanke hoton, in kuwa hannun ya taso kusa da fuska sai ya lulluɓe shi da gajimare. Ba ya rubuta sunan layi, ba ya rubuta alkawarin ramuwa. In abokan mamaci suka zo karɓa, ba a rasa mai cewa, "Tsoho, ina ka kai hannun ɗan'uwana?" Shi kuwa ko kai ba ya ɗagawa daga ninkin riga, sai ya ce yana cikin gajimare yana gaisawa da mala'iku, su kuwa ba su iya yaren yatsu ba. Su yi tsaki, su yi 'yar dariya, su ɗauki kwalinsu.

Shi ya sa duka ɓangarorin biyu ke zuwa wurinsa. Gabas da gadar 'yan Layin Coci ne, yamma da ita 'yan Bayan Dogo. Na yamma yakan ce su zo da safe, na gabas da la'asar, don kada su yi kiciɓis a ƙofa.

Darnel yana da aboki tun na yarinta, Tavon. A hawa ɗaya suka tashi a benen gwamnati, ƙofa na kallon ƙofa. Kakar Tavon, Sista Vernita, ita ke yi musu aski a kujerar kicin, ita ke zane su tare in an yi ɓarna, ba ta tsayawa tambayar wa ya fara. Da hukuma ta rushe benayen, aka ba kowane gida takardar neman haya, kowa ya tafi inda mai gida ya yarda ya karɓe shi. Sista Vernita ta samu yamma da gada, Mista Ozell gabas. Tafiyar minti goma ce a ƙafa. Yaran na da shekara goma sha ɗaya a lokacin, kafin su kai goma sha biyar an riga an raba musu gari. Ba wanda ya ce musu su shiga daba. Yanzu ba a shiga, adireshin mutum ne ke shigar da shi. Wanda ya tare ka a tashar bas ba ruwansa da abin da ka yi, daga wane layi kake yake son ji. 'Yan sanda ma da haka suke rubuta suna.

Darnel ya kai ashirin da uku bai taɓa riƙe bindiga ba. Shekara biyu yana yawon neman aiki kafin ya samu na lodin kaya a wani babban sito. Bas biyu yake hawa ya je, na farkon ma ba shi ne mafi sauri ba, shi ne dai wanda ba ya ratsa yamma. Tavon kuwa an taɓa kama shi da wiwi yana ɗan sha bakwai, tun daga nan duk takardar neman aikin da ya cike sai ta mutu a layin da ake tambaya ko an taɓa kama ka. Ya gaji, ya koma tsayuwa a kwana tare da masu tsayuwa. Abotarsu ta koma ta waya. Sau biyu ko uku a shekara sukan haɗu can tsakiyar birni inda ba wanda ya san su, su ci abinci, su yi hira, kowa ya hau bas ɗinsa daban.

Wata Talata a watan Agusta, da rana tsaka, Tavon na fitowa daga kanti da kwalbar lemo a hannu, wata mota ta rage gudu. An ce daga gabas ta fito. An ce ba shi ake nema ba. Kullum dai haka ake cewa.

Ranar Alhamis da safe Sista Vernita ta zo shago da hularta ta zuwa coci, ta zauna a ɗaya daga kujerun. Hoton da ta kawo na ranar gama makaranta ne, hannayensa a gefe, ba abin yankewa. Ta faɗi girman rigunan dangi ɗaya bayan ɗaya, Mista Ozell na rubutawa. Daga ƙarshe ta ce ya ƙara babba guda ta Darnel, don shi zai riƙe hannun akwatin na gaba.

Alƙalamin ya tsaya a hannunsa. Ya tuna mata a hankali cewa ta san gefen da suke zaune.

"Ɗan'uwa Ozell," ta ce, "mutum shida ke ɗaukar akwati. Biyar ɗin abokan tsayuwa a kwana ne, ko uwayensu ban sani ba. Ina son hannu ɗaya a jikin akwatin nan na yaron da na taɓa cuɗa wa baya."

Ta ce ba Layin Coci ta gayyata ba, Darnel ta gayyata, kuma ɗakin Allah ne, ba na wani layi ba. Bai iya ce mata a'a ba. Ya ce zai duba.

A gida ya tarar ta riga ta kira yaron. Kwana biyu ke nan Darnel bai sa komai a bakinsa ba. Mista Ozell ya zaunar da shi ya shimfiɗa masa maganar kamar yadda take: in ya saka rigar, 'yan layinsu za su ce ya saka fuskar abokin gaba, in ya je ba riga, 'yan yamma za su ga mutumin gefen da motar ta fito ya shigo musu. Ko ta ina ba mafita sai zama a gida. Darnel ya saurare shi har ya gama.

"Kaka, ni na koya masa ɗaure igiyar takalmi," ya ce. "Da riga ko ba riga zan je. Kai dai ka zaɓa wanne."

To, a nan ne tsohon ya yi abin da duk wanda ya zauna a benayen nan zai yi. Ya tafi neman izini wurin babba.

A zamanin benaye, gabas da yamma duk abu ɗaya ne a hannun mutum ɗaya, Roland, wanda ake ce wa Janar. Ba mutumin kirki ba ne, ya lalata 'ya'yan mutane da yawa, amma yana da magana. In ya ce ba harbi lokacin da yara ke tafiya makaranta, ba a yi. In ya ce ranar jana'iza ranar uwar mamaci ce, ko mai jin haushi sai ya haɗiye. Daga baya hukuma ta kwashe shugabannin duka a shekara guda, aka ɗaure shi shekara ashirin. An sare kan maciji, sai jikin ya rarrabu, kowane guntu ya fitar da nasa haƙorin. Roland ya fito da ciwon sukari, ba da daɗewa ba aka yanke masa ƙafa ɗaya, yanzu a barandar gidan ƙanwarsa yake wuni a keken guragu.

Da ya ga Mista Ozell na hawowa sai ya washe baki, ya ce ko an zo auna shi ne, to a sa masa fukafukai manya, don ƙafa ɗaya ba ta tashi sama da sauƙi. Mista Ozell ya ce irinsa ba fukafukai ake sa musu ba, sai dai fanka, don inda za su akwai zafi. Suka yi dariya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Roland ya gyara zama. An daɗe ba a zo masa da irin wannan ba, ka ga fuskarsa ta cika. Ya ɗauki waya ya kira wani a gabas, ya kira wani a yamma, yana magana da tsohuwar muryarsa. Ya ajiye, ya ce an gama, jikan Ozell zai shiga ya fita ba mai ko harararsa, a ce Janar ne ya faɗa. Abin da Mista Ozell bai lura ba shi ne, waɗanda aka kira ɗin duk sun haura arba'in, ɗaya direban tasi ne, ɗaya yana fama da hawan jini.

Ya dawo da sauƙin zuciya ya gaya wa Darnel. Yaron ya san darajar maganar Janar a wurin 'yan shekara sha shida, ya kuwa sani sarai. Sai dai zuwa yake so, don haka ya bar kakansa a kan hakan. Mista Ozell ya buga rigar da hannunsa, ya ninke ta daban.

Jana'izar ranar Asabar aka yi, lafiya lau. Darnel ya sa kwat a kan rigar har suka wuce ƙarƙashin gada, sai a ƙofar coci ya cire. Ya riƙe hannun akwatin na gaba. Samarin Bayan Dogo sun dube shi, sun dubi juna, amma ganin Sista Vernita ta rungume shi tana kuka a ƙirjinsa, sai suka ƙyale shi. Mista Ozell na can baya yana ta godiya ga Allah, har da Roland ya sa a addu'a.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka sauka ɗakin ƙasa na coci cin abinci. Soyayyar kaza ce, da dafaffen ganye da naman talotalo, da makaroni da cuku, da burodin masara. Aka ci, aka yi hirar Tavon, har aka yi dariya. Sai wata 'yar'uwarsa ta ce a taru a yi hoto, duk masu riga, kamar yadda aka saba. Darnel ya yi niyyar zamewa ya taya mata kwashe faranti, Sista Vernita ta kamo hannunsa ta tsayar da shi kusa da ita a tsakiya. Samarin suka jeru a bayansu. Lokacin da aka danna, hannaye suka tashi, wasu da alamar Bayan Dogo, wasu da alamar Layin Coci a kife, wadda ita ce zagi mafi muni da suke da shi. Ɗaya daga cikin hannayen masu zagin dab da kafaɗar Darnel yake. Kafin mu gama wanke tukwane hoton ya shiga kowace waya a unguwar.

Ranar Litinin da la'asar wani saurayin Layin Coci ya shigo shago, wanda ake ce wa Gyaɗa saboda ƙanƙantar kansa. Bara Mista Ozell ya buga rigar wansa. Bai zauna ba. Ya ajiye waya a kan tebur, hoton na ciki, ya ce shi dai ya zo ne don tsohon bai taɓa wulaƙanta uwarsa ba. Akwai ƙananan yara huɗu da suka san bas ɗin da Darnel ke hawa da lokacin da yake hawa.

Mista Ozell ya ce ai an yi magana, Janar ya ba da izini.

Gyaɗa ya dube shi kamar bai ji daidai ba. "Wane Janar? Mai ƙafa ɗayan nan? Tsoho, yaran da nake gaya maka ba a ma haife su ba lokacin da aka kama shi. Bara su suka sace masa keken guragu suka yi ta tsere da shi a layi."

"To, wa zan gani? Wa ke riƙe da su?"

"Ba mai riƙe da kowa. Ni ma da kake gani, in na ce su bari, gobe hotona za a kawo maka."

Gyaɗa ya ɗauki wayarsa ya fita. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wanda ya harbi Tavon yana yawonsa, wanda ya ɗauki gawarsa ake nema.

Bai je wurin 'yan sanda ba, don ba abin da zai ce musu da za su rubuta, kuma ganin motarsu a ƙofarsa zai ƙara wa wutar mai ne. Wurin Faston cocinmu ya je. Matar Fasto na da ƙane a wani ƙaramin gari can a jihar Iowa, yana aiki a mayankar nama inda kullum ake neman hannu, yana kuma da ɗaki da ba kowa. Darnel ya yi gardama. Ya ce bai yi wa kowa komai ba, ya ce shekara biyu ya yi kafin ya samu aikin siton nan, ya tambaya wa zai riƙa tuna wa kakansa shan magani. Mista Ozell bai yi masa musu a kan ko ɗaya ba. Jaka kawai ya ɗauko daga saman kabad ya fara zuba masa kaya, har yaron ya gaji ya karɓa ya ƙarasa da kansa.

Ranar Laraba da hantsi motar coci ta tsaya a lungun bayan gida. Darnel ya kwanta a ƙasa tsakanin kujeru, ƙato da shi, kamar buhun kayan sadaka, Fasto na tuƙi, Mista Ozell a gefensa. Ba su tsaya a tashar cikin gari ba, sai da suka fita can wajen birni suka sa shi a bas. Ba a yi wata doguwar sallama ba. Tsohon ya gyara masa wuyan riga, ya ce ya riƙa cin abinci.

Sista Vernita har yau ba ta san dalili ba. An ce mata ya samu aiki mai kyau ne. Duk Lahadi sai ta riƙe hannun Mista Ozell bayan sujada ta gode masa da ya bar yaron ya yi wa Tavon rakiya, shi kuma ya ce ba komai, 'yar'uwa.

Darnel na kira duk Lahadi da yamma. Da farko ƙorafi yake yi: sanyin mayanka na shiga ƙashi, wuƙa ta kumbura masa hannu, garin ya cika shiru har ba ya iya barci. Wajen ƙarshen Oktoba ya kira da wata murya daban. Ya ce ranar da ba shi da aiki ya fita ya miƙe titi yana tafiya, ya wuce layi ya kai ashirin, ba wanda ya tambaye shi daga ina yake, sai wata tsohuwa da ta tambaye shi ko ya ga karenta. Yana faɗa yana dariya. Sannan ya ce an ba su hutun kwana huɗu na bikin godiya na shekara-shekara a watan gobe, yana tunanin ya zo, ko kwana ɗaya ne, ya shigo ta baya.

Mista Ozell na zaune a kicin, kwanon miyar gwangwani a gabansa ta riga ta huce. Ya ture kwanon gefe, yaron ya tambaya ko yana ji.

"Ina ji," ya ce. "Kada ka zo. Ba bana ba, ba baɗi ba. Ko an kira ka an ce ni ne a kwance a gaban coci, kada ka zo. Na riga na gaya wa Fasto, zai aiko maka da takardar tsarin sujadar jana'izar ka karanta a can."

Darnel ya ce Kaka, ya sake cewa Kaka. Tsohon ya tambaye shi ko ya sayi rigar sanyi mai kauri, don an ce iskar can ba ta da tausayi. Darnel ya ce bai saya ba tukuna. Tsohon ya ce to ya saya cikin makon nan, kada ya jira sai ƙanƙara ta sauka.